Kuɗin da 'ya'yanmu ke aikowa gida: jawabi ga jama'ar Salaga, Yendi da Bawku



Sarakunanmu, limamai da malamai, iyayenmu maza da mata, magajiyoyin kasuwa, shugabannin tasha, samari da 'yan mata, ina gaishe ku da girmamawa. Da yawanku kun san muryata kafin ku san fuskata. Ni ne yaron nan da ke tsayawa a gefen dandali idan jam'iyyar NDC ta zo taro, babba ya faɗa da Turanci, ni kuma in juya muku da Hausa. Aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da aka faɗa, kada ya ƙara gishiri. To, yau ba maganar kowa nake juyawa ba. Abin da na faɗa ne a zaman da muka yi da 'yan kasuwa da manoma a garuruwan nan uku, aka ce in sa shi a takarda saboda wanda bai samu zuwa ba. Wanda ya iya karatun boko ya karanta wa wanda bai iya ba. Kuma ba da Bahaushe kaɗai nake ba. Kusasi da Mamprusi da Busanga da Moshi da Bimoba, Dagomba da Gwanja da Konkomba, Fulani da Zabarma, duk da harshen nan muke ciniki, da shi kuma muke faɗa idan ciniki ya lalace.

Tambaya ɗaya zan fara yi muku, kowa ya amsa a zuciyarsa. A watan Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, yaro na kwance da zazzaɓi, kuɗin da ya shigo gidanka daga ina ya fito? Daga ofishin gunduma? Daga farar motar nan mai tambari da ke zuwa daga Tamale a ɗauki hoto a koma? Ko kuwa wayarka ce ta yi ƙara, ka duba ka ga momo daga ɗanka da ke Kumasi, ko 'yarka da ke ɗaukar kaya a Akra, ko ƙanenka da ke aikin gini a Libiya, ko 'yar'uwarka da ke wanke-wanke a gidan Larabawa?

Na san amsar, domin gidanmu ma haka ne. Kuma ba mu kaɗai ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 'yan Ghana da ke ƙasashen waje sun aiko gida da wajen dala biliyan 4.6. A wannan shekarar ce asusun IMF ya yarda ya ba gwamnati dala biliyan 3, ita ma ba lokaci guda ba, kashi-kashi cikin shekara uku, kuma bashi ne da ni da ku za mu biya. Wato abin da 'ya'yanmu suka aiko a shekara ɗaya ya fi abin da gwamnati ta je ta durƙusa ta roƙo na shekara uku. Wannan lissafi bai ma haɗa da na cikin gida ba, sidi hamsin ɗin da yarinya ta tara a kasuwar Agbogbloshie, ɗari biyun da yaro ya samo a gonar koko. Kalmar kayayo ma da ake kiran 'yan matanmu da ita a kudu, rabinta namu ne: kaya Hausa ce, ragowar kuma harshen Ga ne, ma'anarsa mace.

To me gwamnatin NPP ta yi wa wannan kuɗi?

Ta sa masa haraji. A watan Mayu na 2022 aka fara cire E-Levy, kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na kuɗin da aka aika ta waya idan ya wuce sidi ɗari a rana. Kun tuna har dambe aka yi a majalisa a Disamba 2021 kan wannan haraji, kuma ranar da aka zartar da shi 'yan majalisarmu ficewa suka yi. Daga baya, da mutane suka guje wa momo, aka rage shi zuwa kashi ɗaya. Wani zai ce ai kuɗin ba yawa. Akwai 'yar ƙanwar mahaifiyata a Kumasi. A lokacin, idan ta aiko wa uwarta sidi ɗari uku, sidi biyu na gwamnati ne, ban da abin da kamfanin waya zai cire. Sidi biyu ba komai ba ne ga mai zama a ofis mai sanyi. Ita kuwa da wuyanta ta same shi, kuma kuɗin nan ba riba ba ce, ba ciniki ba ne, 'ya ce ke ciyar da uwarta.

Amma E-Levy ƙaramin ɓarawo ne. Babban shi ne wanda ba ya aiko maka da saƙo a waya. Lokacin da suka karɓi mulki a Janairu 2017, dala ɗaya sidi huɗu ce da 'yan kai. A 2024 ta kai wajen sidi 16. Mutumin Akra da dala yake auna wannan, mu na bakin iyaka da sefa muke aunawa. Ku 'yan Bawku da ke sarin kaya a Sankase, ku 'yan Yendi da ke bi ta Tatale da Saboba ku shiga Togo, ku gaya mini: a 2017 sefa dubu ba wajen sidi bakwai ba ce? A 2024 ta haura sidi 25. Sefa ba ta yi fukafuki ba, tana nan ɗaure da yuro yadda take. Kuɗinmu ne ya zube. Shi ya sa macen da ke shiga Sankase da jarin da ke cika mata keke-mai-ƙafa-uku a lokacin a ka take ɗauko kayanta, shi ya sa Bafulatani mai shanu daga Burkina yake cewa ba ya karɓar sidi. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a lissafin gwamnati da kanta. A wannan watan ne ƙasa ta ce ba za ta iya biyan bashin waje ba. Tsofaffin da suka ba gwamnati rancen kuɗin fanshonsu suka kwashe kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa, Sophia Akuffo, a cikinsu.

Za su ce korona ce, za su ce yaƙin Rasha da Yukren ne. Korona ba ta je Togo ba? Yaƙin bai taɓa Kwaddebuwa ba? Tunda sun kawo zancen korona, bari mu tsaya a kansa, domin mu muka san shi. An rufe iyakoki ranar 22 ga Maris 2020. Filin jirgin sama na Kotoka an buɗe shi ranar 1 ga Satumba na shekarar, wata biyar da 'yan kwanaki. Iyakokin ƙasa kuwa, Kulungugu da Pulimakom da Paga da Tatale, sai ranar 28 ga Maris 2022. Shekara biyu cur. Mai tikitin jirgi daga Landan ya shigo, mai amalanken jaki daga Bitu ya jira. Kun san yadda aka rayu a shekarun nan: hanyar daji, da dare, ana biyan kuɗi a kowane lungu, wanda aka kama ya yi asarar kaya. Jari nawa ne ya mutu a lokacin bai sake tashi ba? Ba wanda ya zo ya ƙirga.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar a Yuli 2023. ECOWAS ta sa takunkumi, gwamnatinmu na cikin masu ɗaga murya, motocin albasa daga Galmi suka maƙale a hanya, albasa ta ruɓe a buhu, masu ita na kallo. Kafin nan, a Disamba 2022, shugaba Akufo-Addo ya tsaya a Amurka ya zargi Burkina Faso da ɗauko sojojin haya na Rasha, har Burkina ta kira jakadanta gida. Ba ina kare sojan da ya ƙwaci mulki ba ne. Ina cewa maganar da aka yi a Washington, direban da ke tsaye a shingen Bitu ne ke biyan kuɗinta. Burkina da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a 2025. Wa zai zauna da su a kan shanu da albasa da tumatir, da mutanenmu da ke da gida nan da can? Sai wanda suke ganin girmansa, wanda bai zage su a bainar jama'a ba.

Mu dawo kan taimakon da ake ta ambata mana. Ba na raina rijiyar burtsatse, ba na raina ajin makaranta. Duk wanda ya gina, Allah ya saka masa. Amma ku duba manyan alkawuran. Ranar 29 ga Nuwamba 2019 aka yi gagarumin biki a Pwalugu, aka ce za a gina madatsar ruwa ta dala miliyan 993, za ta ba da wuta, ta shayar da hekta dubu 25, ta kuma tare ruwan da ake sakowa daga Bagre wanda ke cinye gonakin bakin kogi kusan kowace damina. An biya ɗan kwangila kusan dala miliyan 12. Wanda ya bi ta can kwanan nan ya gaya mana ko ya ga madatsa. An ce kowane ƙauye zai samu dam. Abin da aka haƙa a wurare da yawa, kakanninmu tafki suke ce masa, kuma kafin tsakiyar rani ya ƙafe, yara na ƙwallo a ciki. A 2020, ana gab da zaɓe, aka aza harsashin aikin ruwan Yendi na dala miliyan 30. Iyayena mata na Yendi, ku ne ke ɗaukar jarka da asuba, ba sai na gaya muku inda aikin ya tsaya ba.

A 2024 Allah ya jarrabe mu da ɗaukewar ruwa a Yuli da Agusta, masara ta bushe a tsaye. Fari daga Allah ne. Amma a irin ranar ce ake sanin amfanin dam, sai aka duba babu. Abin da gwamnati ta iya shi ne ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje. Ga kuma abin kunya: Burkina ta fi mu ƙarancin ruwan sama, amma duk rani motocinmu ne ke layi su sayo tumatir a can, saboda su sun tare ruwansu, samarinsu na noman rani. Namu samarin, da an gama girbi, sai tasha.

Wannan tafiya zuwa kudu ba lalaci ba ne, ba kuma ɗabi'armu ba ce. Salaga ta taɓa zama inda duniya ke zuwa. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi watanni a hanya da jakuna su zo Gwanja sayen goro, garin da ake wa kirari da rijiyoyi dubu, garin da malamai irin su Alhaji Umaru, wanda daga baya ya zauna a Kete-Krachi, suka yi karatu da karantarwa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, Turawa suka zo suka juya hanyar ciniki zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, bai taɓa ƙarasowa Arewa ba har yau. Makarantar sakandare ta farko a Arewa sai 1951, a Tamale. Abin da Bature ke so daga gare mu shi ne ƙarti masu haƙar zinariya a Tarkwa da Obuasi, da masu sharar gonar koko. Nkrumah ya yi ƙoƙarin juya wannan, ya kafa masana'antar tumatir a Pwalugu da ta nama a Zuarungu. Ku je ku ga abin da ya rage daga cikinsu.

Turawan yanzu kuma tsoro ne ke kawo su. Suna tsoron 'yan bindigar Sahel su gangaro teku, suna tsoron yaranmu su bi ta Agadas su faɗa musu. A Oktoba 2023 Tarayyar Turai ta ba Ghana motocin sulke 105. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 150 na shirin SOCO domin gundumomi 48, shi ma rance ne. Tsaro abu ne mai kyau, mu da muke jin ƙarar bindiga daga tsallaken iyaka mun fi kowa so. Sai dai motar sulke ba ta hana saurayi ɗan shekara ashirin da ba shi da aikin yi daga Nuwamba zuwa Mayu ya sayar da babur ɗin babansa ya nufi hamada.

Na san abin da wani ke faɗa a zuciyarsa yanzu: kai tafinta, SADA fa? Zabbin fa? Ba zan ɓuya ba. A zamaninmu aka kafa SADA a 2010 domin Arewa, kuma kuɗi sun salwanta. An zuba sama da sidi miliyan 30 a dashen itatuwa, da yawa suka mutu. An zuba miliyoyi a kiwon zabbi, har abin ya zama abin dariya, ana cewa sun tashi sun tafi Burkina. Mu ma mun je IMF a 2015, mu ma mun sa ku cikin duhun dumsor. Kun hukunta mu a 2016, kuma kuna da gaskiya. Amma waɗanda suka hau da dariyar zabbi sun canza wa SADA suna, suka yi alkawarin dala miliyan ɗaya ga kowace mazaɓa duk shekara. Shekara takwas suka yi a mulki. Mazaɓar Salaga ta Kudu, Yendi, Bawku ta Tsakiya, kowa ya lissafa dala miliyan takwas ya nemi inda take. Sun kafa ma'aikatar Zango da minista a 2017, zaɓen 2020 na wucewa suka rushe ta.

Akwai kuma maganar da ake raɗawa a bakin masallaci, cewa Dakta Bawumia namu ne, ɗan Arewa ne, musulmi ne. Gaskiya ne, kuma ba za ku ji zaginsa a bakina ba. Mutumin kirki ne a gaisuwa, mai ilimi ne. Amma shi ne ya shugabanci kwamitin tattalin arzikin gwamnatin NPP. Shi ne ya koya mana, lokacin yana adawa, cewa idan tushen tattalin arziki ya ruɓe, farashin dala ne zai tona asiri. Mun karɓi karatunsa, da shi muke auna shi. A 2024 ya ce shi yaron mota ne, ba direba ba, kuma shi ma zai soke E-Levy. 'Yan tasha, ku ne alƙalai: yaron motar da ya ga direba ya nufi rami shekara bakwai bai buga ƙofa ba, ranar da mota ta kife za ku miƙa masa makulli? John Mahama ma ɗan Arewa ne, daga Bole. Duk wanda ya ci a cikin biyun ɗan Arewa ne, saboda haka wannan ba ita ce tambayar ba.

Abu na gaba sai na sassauta murya, domin akwai tsofaffi a cikinku da suka gani da idonsu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk wanda ta kira baƙo mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zangon Kumasi da Salaga da Yendi suka sayar da gidaje a kuɗin akuya, aka loda su a lori zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta rama, ta koro 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya. Ba na cewa ɗan NPP na yau ne ya yi 1969. Amma su ne ke alfahari da sunan Busia a jerin kakannin jam'iyyarsu, kuma ɗanɗanon abin bai gushe ba. Wa a cikinku bai san wanda ya je neman Ghana Card ko fasfo aka ji sunansa aka ce kawo takardar kakanka ba? Ni an taɓa tambayata a wani ofis daga ina na zo asali, alhali kabarin kakana yana ƙasar nan. A 2023 hukumar zaɓe ta so ta ce Ghana Card kaɗai za a karɓa wajen rajista, a soke tsarin masu tsaya wa mutum shaida. Majalisa ce ta ƙi. Da ya wuce, mutanen bakin iyaka ne za su fara faɗuwa. Tsarin mulkin 1992 a fili yake: wanda uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Yendi da Pusiga a ƙarƙashin Jamus suke kafin yaƙin duniya na farko, da ƙuri'ar 1956 suka shigo Ghana. Mutane na zaune a wurarensu aka zo aka ja layi.

'Yan'uwana na Bawku, ban manta da ku ba. A ƙarshen 2021 aka sa muku dokar hana fita, an kuma hana hawa babur, malamai da nas-nas sun gudu, kasuwar da ake zuwa daga ƙasa uku ta koma rabi. Ba zan ɗora wannan a kan jam'iyya ɗaya ba, kuma ba zan yi siyasa da jinin kowa ba. Abin da na sani shi ne harsashi ba ya tambayar kati, kuma kowane wata da aka ƙara cikin wannan hali, wasu samari ne ke barin garin ba su dawo ba. Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Ga abin da jam'iyyarmu ta rubuta ta sa hannu a 2024, domin ku riƙe mu da shi. Za a soke E-Levy da harajin korona. Ministoci ba za su wuce 60 ba. Za a kafa bankin mata domin masu ƙaramin jari, da asusun Soyayya domin 'yan kasuwar zango. Za a kafa cibiyoyin da manomi zai samu tarakta da iri da taki a gundumarsa. Za a koya wa matasa sana'a kyauta, ɗalibin shekarar farko a jami'ar gwamnati ba zai biya kuɗin karatu ba. Za a rage kuɗin kujerar Hajji, wanda a 2024 ya kai sidi dubu 75. Tsarin aiki dare da rana da kuke ji ana faɗa, a wurinmu ma'anarsa injin casar shinkafa da na man kaɗe su yi aiki da ma'aikata kashi uku maimakon ɗaya, da wuta mai sauƙi da tsaro. Ni kaina na fi sa ido kan hanyoyi: babbar hanyar gabas da ta bi ta Bimbilla da Yendi da Gushegu har Kulungugu, da ta Bolga zuwa Bawku zuwa Pulimakom da aka fara tun 2016. Doyar Salaga da albasar Bawku ba sa jiran mota ta fita daga laka. Idan kuka ga shiru, ku ajiye takardar nan, ku tare ni da ita a gefen dandali. Kun san inda nake tsayawa.

Zaɓen 2024 ranar Asabar ne, 7 ga Disamba. Ana buɗewa ƙarfe bakwai na safe, a rufe ƙarfe biyar na yamma, kuma wanda ke kan layi kafin biyar sai ya jefa. Ku kira yaranku da ke kudu waɗanda rajistarsu ke gida, su fara tara kuɗin mota tun yanzu. Wanda ya tsallaka Sankase ko Bitu ciniki ya dawo da wuri, kada ya bari sai ranar, domin an saba rufe iyaka lokacin zaɓe. Idan wani ya tare ku a layi ya ce ku ba 'yan ƙasa ba ne, kada ku yi faɗa, ku kira wakilinmu da ke wurin. Sunanku na cikin littafi, ba mai hana ku. A takardar shugaban ƙasa ta 2024 John Dramani Mahama ne na takwas, alamar laima. A ta ɗan majalisa ma ku nemi laima. Ku dangwala a cikin akwatin da ke gefen hoton, ku bar tawada ta sha iska kafin ku naɗe, don kada ta taɓa wani wuri a ce ƙuri'a ta lalace.